Kafin a kwance injin: yadda ake sassauta kulocin tsohon babur

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridar nan don in yi magana a kan taurin kuloci a tsofaffin babura. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutane da dama a nan Katsina suka jingine mota suka koma kan babur, wasu ma suka kakkaɓo waɗanda suka shekara da shekaru a zaure ƙura ta rufe su: Honda CD175, Roadmaster, CG125 ta farko-farko, Suzuki A100, Yamaha YB100, da Vespa. Masu irin waɗannan galibi dattawa ne, kuma ƙorafinsu iri ɗaya ne. Injin lafiya lau, amma daga Ƙofar Ƙaura zuwa Babbar Kasuwa, in an shiga cunkoso ana matsawa ana saki, kafin a isa wuyan hannun hagu ya sage. Masu roba-roba ba su cikin wannan magana, tunda nasu kulocin da kansa yake kamawa, ba shi da liba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake gyaran. Da an kawo babur an ce kuloci ya yi tauri, sai ka ga yaro ya ɗauko kwano zai tsiyaye mai, a buɗe murfin injin a hau kan sifirin da ke danne farantan kuloci. An bar jaki ana dukan taiki. Sifirin ba ya ƙara ƙarfi don ya tsufa, raguwa ma yake yi. Babur ɗin da ya fito daga kamfani ana matsa kulocinsa da yatsa uku, yau kuma sai an haɗa da cije leɓe, to ko dai wani ya taɓa sa hannu a cikin kulocin, ko kuma ƙarfin hannun yana zubewa a hanya kafin ya kai ga sifirin. Na biyun shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Hanyar kuwa zango uku ce: liba da mazauninta, wayar kuloci, da ƙarfen da ke jikin murfin injin wanda wayar ke ja. Daga waje ake farawa a shiga ciki, domin na wajen ya fi araha kuma ya fi yawan laifi.

Kafin a taɓa komai, a auna. Sikelin ratayawa irin na masu sayar da kaji ko hatsi ya isa. A maƙala ƙugiyarsa a jikin liba daidai inda yatsan tsakiya ke zama, a ja a hankali har liba ta kusa taɓa riƙo, a rubuta kilo nawa ya nuna. Lambar kanta ba ita ce abin dubawa ba, tunda kowane babur da nasa. Amfaninta shi ne duk gyaran da aka yi a sake aunawa, a ga ko ya rage wani abu ko kuwa hannu ne ke yaudara. Daga nan a zare kan wayar daga ƙarfen injin, a bar ta a sake, a matsa liba. Ya kamata ta tafi fayau ba wani nauyi. Amma a nan mutane ke ruɗuwa: wayar da ta riga ta ci cikin rigarta tana iya zama sumul in ba kaya a kanta. Don haka sai wani ya kama kan wayar da filaya ya ja ta da ƙarfi ta ɓangaren injin yayin da ake matsa liba. In an ji gurza, ko tana tafiya tana cijewa kamar ana jan igiya a bakin rijiya, an kama ɓarawo. Shi kuma ƙarfen injin a sa masa sifana ko guntun bututu a tura da hannu. Nauyi zai yi, dole, amma nauyin ya zama bai ɗaya daga farko har ƙarshe, ba tsalle, ba ƙara.

Liba aikin minti goma ce. A kwance ƙusar da take juyawa a kai, a wanke da kananzir, a duba. Ƙusar da ta ci ta yi wuya, ko ramin liba da ya tashi daga zagaye ya koma siffar ƙwai, suna sa libar ta karkace tana gugar mazauninta. Babur ɗin da ya taɓa faɗuwa ta hagu sau da yawa bakin mazaunin ya matse, ko libar ta lanƙwashe an miƙe ta da guduma ba ta koma daidai ba. Sannan akwai masu ɗaure notin ƙasa tamau kamar na ƙafa. Ƙusar ake fara ɗaurewa daidai yadda liba za ta faɗi da kanta in an sake ta, sai a riƙe ta a kulle notin a kanta. A shafa giris a ƙusar da gefe biyu na libar, kuma kada a manta da ramin da kan waya ke zama. Wannan ɗan dunƙulen ƙarfe na kan waya dole ya riƙa juyawa cikin raminsa duk lokacin da aka matsa. In ya bushe ya kafe, wayar ce za ta riƙa lanƙwasawa a gindinsa, shi ya sa kusan duk wayar kuloci a nan take tsinkewa. A kuma sassauta mazaunin a juya shi ƙasa kaɗan, yadda in mutum ya zauna ya miƙa yatsu, bayan hannunsa zai yi layi ɗaya da damtsensa. Libar da ta kalli sama tana karya wuyan hannu ko da kulocin mai laushi ne.

Akwai wani abu a jikin liba da ba kowa ke lura da shi ba, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar ƙusa da tsakiyar ramin kan waya. Tsofaffin baburan Ingila irin su BSA da Triumph an san su da liba iri biyu, mai tazarar kusan milimita 22 da mai kusan 28. In aka sa mai 28 a inda aka yi wa mai 22, nauyin zai ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, ba tare da komai ya lalace ba. Haka abin yake a baburan Japan. Libar asali ta karye tun tuni, an sayi wadda ta shiga an ɗaura, ba wanda ya auna. Wanda ya san wani mai irin babur ɗinsa da libar asali, ya je da rula ya gwada.

Yanzu waya, wadda ita ce uwar matsalar a ƙasarmu. Wayar kuloci zaren ƙarfe ne da aka tufka, yana gudu cikin riga wadda ita ma ƙarfe ce da aka naɗe kamar sifirin aka lulluɓe da roba. Duk inda rigar ta lanƙwasa, zaren yana dannuwa ne a cikin kwanar, kuma gwargwadon nauyin da yake ja, gwargwadon yadda yake dannuwa. Shekara da shekaru sai ya haƙa wa kansa kwari a wurin. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ta bakin liba tun daga Nuwamba har Fabrairu, ta haɗu da tsohon mai ta zama kamar ƙullin da ake wasa bawul da shi. Damina ta zo ruwa ya bi ta kai, tsatsa ta kama. Masu wankin babur da injin feshi su ma suna da nasu kason, don in suka saita ruwan a kan liba, har cikin rigar yake kutsawa da yashi. Busasshiyar waya mai kwana biyu ko uku masu tsanani tana iya mayar da nauyin kuloci kusan ninki biyu.

A zare wayar gaba ɗaya daga babur, amma kafin nan a ɗauki hoton yadda ta bi da wayar salula, ko a lura da kyau. A bi ta da ido da yatsa. In sili ɗaya ya tsinke, ko rigar ta karye ta yi gwiwa, ko robar ta narke inda ta taɓa kan injin ko salansa, ko zaren ya yi ƙyalli ya baje a wuri ɗaya, a jefar. Ba mai da zai gyara wannan, kuma wayar da ta fara tsinkewa ba ta zaɓar wuri, tana iya yi a tsakanin Mashi da Daura da magariba. In kuwa lafiyarta ƙalau datti ne kawai, a wanke ta. A samu ledar da ba ta huje ba, a yanke kusurwarta kaɗan, a zura kan wayar ta ciki, a ɗaure ledar a jikin rigar da robar ɗaure kuɗi ta zama mazurari. A rataye wayar a tsaye, a zuba kananzir kamar cokali uku, a riƙa jan zaren sama da ƙasa. Da farko abin da zai fito ta ƙasa ja ne ko baƙi. A ci gaba har ya fito garau. A bar ta ta tsane, in akwai iskar famfo a hura. Sannan a zuba sabon man injin cokali ɗaya ko biyu a cikin ledar, a bar ta a rataye ta kwana, da safe za a tarar ya ɗigo ta ƙasa. Sirinji ma yana yi ga mai gaggawa.

Ina jaddada sabon mai. Al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu ita ce a tsoma waya cikin baƙin man da aka juye daga injin. Wannan man cike yake da garin ƙarfe da toka, yau zai yi laushi, bayan mako uku ya fi da tauri. Giris ma bai dace da cikin riga ba, yana da kauri, yana riƙe ƙura, kuma da sanyin asuba na hunturu daskarewa yake yi. Wurin giris shi ne kawunan wayar biyu da ɗan abin da ya fito waje. Sai kuma a san irin wayar da ke hannu. Wasu na zamani suna da siririn bututun roba fari a cikin rigar wanda zaren ke gudu a ciki, in an leƙa bakin za a gan shi. Irin wannan an yi ta ne ta yi aiki a bushe. Man injin yana iya kumbura robar ko ya tara mata ƙura, sai a wayi gari ta fi ta gargajiya cijewa. In ta yi datti a wanke ta a bar ta haka, ko a fesa mata man silikon. In an sami irinta mai kyau daidai da babur, ita ce canji guda da ya fi kowane rage nauyi. Ƙaramar robar nan mai kama da akodiyon da ke rufe bakin waya kuwa, wadda yara ke yarwa don tana ba su wahalar mayarwa, ita ce ƙofar gidan. A mayar da ita.

Wurin sayen sabuwa a tafi da tsohuwar kasuwa, kada a tafi da sunan babur kawai. Abu biyu ake gwadawa: tsawon rigar, da tsawon zaren da ya rage a waje in an ja shi duka gefe guda. Na biyun ya fi muhimmanci. In ya yi tsawo, za a warware abin saiti har ƙarshe kuma kuloci bai gama saki ba. In ya gajarta, kuloci zai zauna a ɗan matse kullum yana cin faiba, wato farantan gogayya na cikin kuloci. Rigar da ta yi gajere tana ɗaurewa in an karya kan babur, wadda ta yi tsawo kuma sai an naɗe ta an ƙara mata kwana. Wanda ya canza ƙahon babur ya sa dogo ko gajere, wayar asali ba tasa ba ce kuma. A matsa rigar da yatsa, a lanƙwasa ta a ja zaren a ji. Ta jabu rigarta tana da taushi, in an matsa liba sai ta riƙa noƙewa tana cinye tafiyar da ya kamata ta kai ga injin. Araha ba ta ado.

Wurin ɗaurawa, a bar waya ta bi hanyar da ta fi sauƙi, kwana mai faɗi kamar bakan gizo. Kada tanki ya danne ta, kada a ɗaure ta tamau a jikin firam da tsumman tayar ciki, kada ta ratsa bayan fitila a matse cikin wayoyin wuta. Idan an gama, a karya kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, ana taɓa liba. In wasan liba, wato ɗan motsin da take yi kafin a ji nauyi, yana raguwa ko yana ƙaruwa da juyawar kai, hanyar ba ta yi ba, a sake.

Zango na uku ya bambanta daga babur zuwa babur. CG125 da duk 'ya'yanta na China suna da ɗan hannu a saman murfin dama, waya na jansa, shi kuma yana juya sanda a ciki ta tura kuloci. Abin lura a nan shi ne kusurwa. Hannun ya fi ƙarfi sa'ad da ya yi kusurwar digiri 90 da waya, don haka ana so ya kai nan a tsakiyar matsawa, inda nauyin yake. In tun kafin a matsa ya riga ya wuce nan, ko bai kusa ba, ana asarar ƙarfi a banza, kuma yawanci waya mara daidai ce ta jawo, ko ɗan ƙarfen da ke riƙe rigar a jikin injin ya lanƙwashe. CD175 kuwa nata abin turawar yana cikin murfin hagu, maƙwabcin ƙaramin haƙorin sarƙa, wato wurin da ya fi ko'ina datti a jikin babur. Man sarƙa da yashi suna taruwa su zama kwalta. A cire murfin, a kwance abin, a wanke da kananzir da tsohon burushin haƙori, a cika shi da giris. A yi wannan aikin a kan tabarma ko buhu, domin akwai ƙwayar boris guda tsakaninsa da doguwar sandar da ke ratsa injin zuwa kuloci. Tana faɗuwa cikin ƙasa ba a ji ba, a mayar da murfi babu ita, a yini ana saiti bai yi ba. Sandar kanta a zaro ta a gangara a kan gilashi. In tana rawa ta lanƙwashe, in kanta ya baje ko ya yi shuɗi ta sha wuta, a canza.

Da yawa daga ƙananan Suzuki da Yamaha masu shan mai haɗe da fetur suna da wani abu mai kama da sukurun katako mai manyan haƙora, da ƙaramin sukurun saiti a tsakiyarsa wanda noti ke kullewa. Shi ma wanki da giris ne maganinsa, sai saiti. Saitin yana da tsari, in an saɓa shi ba ya zama. A fara sassauta waya gaba ɗaya sama da ƙasa. A kwance notin, a murɗa sukurun ciki a hankali har a ji ya taɓa, a dawo da shi baya kwata ɗin zagaye, a riƙe shi da sukudireba a kulle notin. Sai a saita waya ta ƙasa wajen injin, a ƙarshe a gyara ɗan abin da ya rage ta wajen liba. Wasan da ake so shi ne milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen liba kafin a ji nauyi, wanda ya yi daidai da buɗewar milimita 2 zuwa 3 a gindinta. Masu cire wasan gaba ɗaya don liba ta yi kamar ta yi kaifi suna ƙona faiba da boris ɗin turawa.

Sai an bi duk wannan sikeli bai sauko ba, sannan a tsiyaye mai a buɗe kuloci. Kuma abin da aka fi tararwa a ciki aikin hannun mutum ne. Labarin kusan kullum ɗaya ne. Kuloci ya fara zamewa, injin na ihu babur ba ya tafiya, ba kuɗin faiba, sai aka zura wasa, wato ɗan zoben ƙarfen nan da ake sawa ƙarƙashin noti, ɗaya ko biyu ƙarƙashin kowane sifirin, sau da yawa ma wasan tsohon fulogi. Zamewa ta tsaya, tauri ya zo. Wani kuma sifirin na babban babur aka samo aka cusa. Daga baya an sa sabuwar faiba amma ba wanda ya tuna ya cire wasan. A cire su. A jera sifirin a kan tebur, duk su zama tsawo ɗaya da kauri ɗaya. Na CG125 guda huɗu ne, sabo yana kai milimita 35.5, in ya sauka ƙasa da 34.2 ya gaji. Faibarta kusan milimita 3 ce, in ta kai 2.6 ta ƙare. Farantan ƙarfe a kwantar da su a kan gilashi, wanda ya banƙare fiye da milimita 0.2 ko ya yi shuɗi ya tashi daga aiki. Sabuwar faiba a jiƙa ta cikin man injin na 'yan sa'o'i kafin a sa. Ƙusoshin sifirin a ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na kishiyarsa, kuma da sassauci, sirara ne, karyewa suke yi a cikin gindinsu. A CG sai an cire matatar mai mai juyawa kafin a kai ga kuloci, notinta yana da soket nasa mai haƙora huɗu. Kurfi da guduma da ake sa masa su ke lalata shi. Tunda an buɗe, a kwashe dattin da ya daskare a cikinta.

A duba kwandon kuloci kuma, wato mazubin da farantan ke zama a ciki. Kunnuwan faiba suna bugun yatsun kwandon shekara da shekaru har su yi masa tsaga-tsaga kamar bakin lauje. Faiba sai ta riƙa maƙalewa a cikin tsagar, liba ta riƙa tafiya da gargada, kuloci ya ƙi saki sosai. In tsagar ba ta yi zurfi ba, a bi ta da lallausan magagari a share tudun kawai, kowane yatsa daidai da ɗan'uwansa. In an ci da yawa, kunnuwan za su sami filin bugu, ƙara ta ƙaru, tsagar ta dawo da wuri. Mai zurfi sai canji.

Man injin ba ya sa liba tauri kai tsaye, amma shi ne yakan fara jawo zamewar da ke kai mutum ga sa wasa. Kulocin waɗannan babura cikin mai yake wanka. Wasu mayukan motocin zamani an ƙara musu sinadarin rage gogayya, faiba ba ta jituwa da shi. A nemi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin galan, alamar da Japan ta fara fito da ita a 1998 domin babura masu irin wannan kuloci.

Vespa tana da nata hali, tunda hannun da ke matsa kuloci shi ne kuma ke murɗa giya, tauri a nan wahala biyu ce. Wayarta doguwa ce, ta bi ta cikin kai ta gangara cikin jiki har ƙarƙashin injin, kwana a kan kwana. In rigar na da lafiya, zaren kawai ake zarewa a shafa wa sabo mai a zura. In rigar za a canza, a ɗaure sabuwar a wutsiyar tsohuwar a jawo ta da ita, in ba haka ba a yini ana laluben hanya cikin jiki. A cikin murfin kulocinta akwai ɗan guntun tagulla da ke tura faranti, yana cinyewa, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Man giyarta SAE 30 ne, mililita 250, wato kwata ɗin lita. Masu Vespa PX da suka sami kulocin samfurin Cosa mai sifirin takwas, wanda ya dace da injinsu, za su ji bambanci a hannu ƙwarai.

Saura dabarun ƙara wa hannu ƙarfi, ga wanda ya gyara komai amma ciwon gaɓɓai ko shekaru sun sa har yanzu yana jin nauyi. Ana ƙara tsawon hannun da ke jikin injin. In daga tsakiyar sandarsa zuwa inda waya ke kamawa milimita 50 ne aka mayar da shi 60, nauyi zai ragu da kashi ɗaya cikin shida. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu: buɗewar kuloci ma za ta ragu da kashi ɗaya cikin shida, alhali duka-duka buɗewar ba ta wuce milimita biyu ba a yawancinsu. In ta gaza, alamun a bayyane suke. Giya ta ɗaya tana shiga da ƙara, babur yana jan jiki a tsaye ko an matse liba, firi, wato inda babur ba ya cikin kowace giya, ta ɓace sai an kashe injin. A ganina kada a wuce milimita 10, kuma a yi shi ne kawai a kan kulocin da farantansa suke a miƙe, kwandonsa sumul. A cire hannun daga murfi kafin a kai wa mai walda, zafi yana ƙona robar da ke tare mai, kuma a gyara mariƙin riga ya kalli sabon wurin a miƙe. Ɗan akwatin nan da ake sayarwa ana haɗawa a tsakiyar waya shi ma wannan lissafin yake yi, ba wani sihiri a ciki. Mayar da kuloci na mai irin na birki yana aiki, sai dai ga ƙaramin babur kuɗinsa ya fi amfaninsa, kuma ranar da robarsa ta fashe a ƙauye ba mai ita.

Abin da nake roƙon 'yan'uwa makanikai su hana yaransu shi ne cire sifirin biyu cikin huɗu, ko yanke musu zagaye ɗaya, ko sassauta ƙusoshinsu a bar su a haka. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Yanke sifirin ba ya sa shi laushi, gajarta shi yake yi ya rage dannawar da yake wa faiba. Ƙusar da ba a ɗaure ba kuma tana iya warwarewa ta ci murfi ta ciki. Tsofaffin Triumph da BSA ne aka yi wa notin sifirin na saiti, su ma sharaɗin shi ne faranti ya tashi daidai ta kowane gefe in an matsa liba ana juya shi da kik. Norton Commando kuwa sifirinta faifai guda ne, ba a cire shi sai da abin matse shi na musamman, don yana iya fallowa ya ji wa mutum ciwo.

In an gama a sake rataya sikeli a kwatanta da lambar farko. Sannan a fita hanya mai sarari, kamar ta Batagarawa ko ta Jibiya, a sa giyar ƙarshe ana tafiya a hankali, a buɗe totur gaba ɗaya. In ƙarar injin ta tashi gudu bai biyo ta ba, kuloci na zamewa, a koma a duba wasan liba kafin a zargi faiba. A tsaya injin da zafinsa a nemi firi, ta shiga ba gardama. Sabuwar waya tana ɗan saki a kwanakin farko, don haka a sake duba wasan bayan mako guda. Daga nan kuma a ba wayar gargajiya mai sau uku a shekara: farkon hunturu, ƙarshensa, da bayan ɗaukewar damina.

Wassalam.

Daga wani makanikin babura,
Ƙofar Marusa, Katsina.